Bututu Goma Sha Biyu

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a Minna, farkon shekarun casa'in, aka ba ni aikin bincike a kan faɗuwar jirgin sama. A lokacin ban taɓa shiga jirgi ba, ko kusa da shi ban taɓa tsayawa ba.

Malamin da ke duba aikina wani dokta ne mutumin Bida, bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba. Shi ya zaɓa mini batun. Ya ce in jirgi ya bugi ƙasa da cikinsa, ba kullum wuta ke kashe mutane ba. Sau da yawa bugun ne ke bi ta ƙafar kujera ya hau kashin bayan wanda ke zaune. Shi ya sa ake so a sa wani abu a ƙarƙashin kujera da zai ragargaje a hankali, ya shanye bugun kafin ya isa ga mutum. Abin da zan gwada shi ne bututu da aka yi da ƙyallen zaren gilashi da wani ƙaro mai kama da zuma da ake kira rasin. Aikin kashi biyu ne. Da farko in rubuta lissafi a kwamfuta da zai kwaikwayi yadda bututun zai murƙushe. Sannan in yi bututun da hannuna, a sako masa ƙarfe daga sama, a ga ko abin da kwamfuta ta faɗa shi zai faru.

"In biyun suka zo ɗaya, ka gama," in ji Dokta. "In suka saɓa, ka kuma kasa faɗin dalili, mai jarrabawa da zai zo daga waje ba zai sa hannu ba. Sai ka sake shekara."

Na ce to, Yallaɓai. Iyakar abin da na iya cewa ke nan a wancan zamanin, ko a gaban wa.

Gwangwanin rasin ɗaya ne, Dokta ya zo da shi daga Legas, kuma ba a sayar da irinsa a Minna. Na auna shi cokali cokali, ya fitar mini da bututu goma sha biyu, kowanne tsawon taƙi ɗaya, faɗin gwangwanin madara. Ɗan abin da ya rage a gindi ya daskare kafin sati biyu. Tun daga ranar na san babu na goma sha uku.

Akwai wata dabara guda da dukan aikin ya rataya a kanta. Bututun zaren gilashi yana da ƙarfi fiye da yadda ido ke zato. In aka bar bakinsa da kauri, sai ya tsaya ƙyam ya ƙi bugun, bugun ya wuce sama duka, sannan ya karye a tsakiya lokaci ɗaya. Amma in aka gurje bakin ya yi kaifi kewaye, aka tsayar da kaifin a kan shimfiɗaɗɗen faranti, to daga nan ɓarna za ta fara, ta riƙa cin bututun kaɗan kaɗan zuwa sama. Rauni ne ake sa masa da gangan. Na zana wannan kaifin a takarda, na zana farantin, na rubuta kowane awo sau biyu.

Kwamfutocin makaranta ba su da yawa. Da sassafe ake rubuta suna a takarda a bakin ƙofa, kowa awa ɗaya, in aka ɗauke wuta a cikin awarka kuwa ta tafi ke nan. Wata huɗu na yi a kan lissafin. Na sa shi ya riƙa buga tauraro a gefen layi duk inda bugu ya wuce abin da kashin baya zai iya ɗauka. Da fari takardun sukan fito da taurari daga sama har ƙasa, in naɗe su in sa a jaka ban nuna wa kowa ba. Ranar da takarda ta fito fes babu tauraro ko ɗaya, na zauna a ƙarƙashin bishiyar mangwaro na yi ta bin ta da yatsa har aka kira la'asar.

Wurin gwajin yana can ƙuryar wakshof, wato ɗakin injuna na makaranta. Sanduna biyu ne na ƙarfe tsaye har kusa da rufi, da wani dunƙulen ƙarfe da ke zamewa a tsakaninsu, sai mutum biyu sun haɗu suke jan sa sama da igiya. An kewaye gindin da ragar waya, an ja layi da jan fenti a ƙasa.

Mai wurin wani dattijo ne da kowa ke kira Baba. Kakansa ya zo Minna tare da layin dogo, shi ma a gyaran kawunan jirgin ƙasa ya tsufa, bayan ya yi ritaya makaranta ta ɗauke shi. Ɗalibi ba ya taɓa injin gurzar ƙarfensa, kuma ba ya tsallake jan layin nan, ko ƙarfe na sama ko yana ƙasa. Shi ya yanka mini bututun, ya fitar da kaifin. Na auna su ɗaya bayan ɗaya, ban sami kuskure ko na gashi ba. Shi ya yi farantin kuma ya ɗaure shi a cikin raga.

"Injiniya, ya yi?" ya tambaye ni.

"Ya yi, Baba. Allah ya saka da alheri."

"To ka ɗaga murya mana. Injin ya cinye mini kunne ɗaya."

Ba mu da na'urar auna bugu. Sai Dokta ya koya mini wata hanya. A saman dunƙulen ƙarfen akwai ɗan kofi, a cikinsa a ajiye ƙwallon darma kamar ƙwayar gujiya, a ɗora masa ɗan guntun ƙarfe. In dunƙulen ya tsaya a hankali, darmar za ta ɗan lotsa kawai. In ya tsaya lokaci ɗaya, za ta baje. Darmar ita ce mutumin da ke kan kujera.

Wanda ke taya ni jan igiya abokin karatuna ne ɗan Paiko, kullum a bas yake zuwa, aikinsa a kan injin ɓare gyaɗa ne. Shi ya narka mini darmar daga tsohon batirin mota. Shi kuma ya raɗa wa ƙwallon suna Alhaji, don a cewarsa a garinsu mahajjata kaɗai ke hawa jirgi.

Ranar gwajin farko damina ta fara, hadari ya haɗo ta bayan tsaunukan Bosso, cikin wakshof ya yi duhu da rana tsaka. Baba ya shiga raga ya durƙusa ya zaunar da bututun, ya ɗan juya shi hagu da dama, ya fito. Muka ja ƙarfen sama.

"Alhaji, a yi haƙuri, a ɗaura bel," in ji abokina.

Baba ya fizge sakatar da ke riƙe da ƙarfen a sama. Ƙarar da na ji ba irin wadda nake jira ba ce. Na zata zan ji wani dogon ƙuuu kamar ana niƙa. Sai na ji tas, sau ɗaya, kamar an harba bindiga, rufin kwano ya amsa. Baba ya share gutsattsarin a tire ya miƙo mini ta saman layi, ya ciro darmar ya sa mini a tafin hannu. Ta baje kamar kwabo, da ɗumi.

"Alhaji ya riga mu gidan gaskiya," abokina ya ce a hankali. Ba wanda ya yi dariya, har shi.

Mun saki uku a ranar, duka haka. Dokta ya ce a rage tsawon faɗuwar. Bayan sati muka saki uku, duka haka. Ya ce in koma in duba lissafina, domin ƙarfe ba ya ƙarya, kwamfuta kuwa abin da aka ba ta take mayarwa. Na bi lissafin layi layi da fensir, na sake yin wasu sassa da hannu a takarda, kwana goma sha ɗaya. Na sami waƙafi ɗaya da bai zauna daidai ba, na gyara, amsar ba ta canja ba. Sai Dokta ya zo da kansa ya tsaya bayan layi, hannu a aljihu, muka saki uku a gabansa. Da zai fita ya tsaya a ƙofa ya ce mai jarrabawa zai zo nan da sati biyu.

Saura bututu uku.

Na fara jin ƙarar nan a wuraren da ba ta. In aka rufe ƙofar bas da ƙarfi, ko mai nama ya sara ƙashi a kasuwa, sai bayana ya ƙage. Ƙwallayen darma tara suna cikin gwangwanin ashana a aljihuna, kowanne a naɗe da takarda mai lamba. Ban san dalilin da ya sa nake yawo da su ba.

Abokina ya ce, "Kai dai ka cika tsoron Allah da takarda. Ka murɗa lissafin ya ce bututun zai karye a tsakiya, shi ke nan sun zo ɗaya. Wa zai buɗe cikin kwamfutarka?"

"To me na gano ke nan?"

"Ka gano cewa kada a hau jirgi. Ai ilmi ne."

Ina da wata ɗabi'a da 'yan ajinmu ke yi mini dariya a kanta, ba na zubar da komai. Gutsattsarin kowane bututu yana cikin ledarsa da lambarsa a ƙarƙashin gadona. Wata ranar Asabar da safe na shimfiɗa jarida a tsakar ɗaki na zazzage su, ina haɗa su kamar mai ɗinkin ƙwarya. A nan na ga abin da ya kamata in gani tun ranar farko. Bakin nan mai kaifi, wanda ya kamata ya fara ragargajewa, bai ko tsage ba. Duka taran lafiya lau suke. Kuma a kan kowane kaifi akwai wani siririn zobe shuɗi, kamar an shafa bula.

Litinin na jira har ɗalibai suka watse, na sami Baba yana goge injinsa da tsumma.

"Baba, ina da tambaya, in ba damuwa."

"Injiniya da tambaya? Ai ni ya kamata in tambaye ka."

Na nuna masa zoben. Sai fuskarsa ta washe, irin yadda ban taɓa gani ba.

"Ashe akwai mai ido a cikinku. Zo nan."

Ya kama hannuna ya tsallakar da ni jan layin, ya buɗe raga. A tsakiyar farantin da na zana a shimfiɗe, akwai wani kwarmi zagaye, a karkace daidai da kaifin bututun, yana sheƙi.

"Kwana biyu na yi a kansa," ya ce. "Na duba takardarka na ga ba ka sa ba, na ce yaro ne, ya manta, ba sai na kunyata shi ba. Duk abin da aka fiƙe sai an yi masa mazauni. Ba a ɗora nauyi a kan kaifi. Kowane bututu sai na shafa masa bula na juya shi a ciki, in ga ya taɓa ko'ina, sannan in fito. Haka aka koya mana. Sa yatsa ka ji."

Na sa yatsa. Santsi kamar cikin kofin tangaran. Kwarmin ya rungume kaifin ta kowane gefe, ba inda zai buɗe ya fara ɓarewa. Raunin da na sa wa bututun da gangan, Baba ya warkar da shi sau tara.

Yana tsaye yana jiran abin da zan ce. Na ce, "Aiki ya yi kyau, Baba. Na gode."

Na fita. A bakin famfo na tsaya na wanke hannuna da ba abin da ya taɓa.

Kwana huɗu ina zagaya wakshof ban shiga ba. In na gaya wa Dokta, zai sauko ya yi wa dattijon magana a gaban ma'aikata, mutumin da ya haife shi a shekaru. In na yi shiru, ukun da suka rage za su bi taran. Abokina da na gaya masa sai ya riƙe kai.

"Wato ka gode masa."

"Na gode masa."

"Kai wace irin halitta ce? Ka je ka faɗa masa, ko ni in je. Amma ka san bakina."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tambayi gidan Baba a unguwar Kwangila. Na same shi a zaure a kan tabarma, da rake a gefensa an yanka gaɓa gaɓa. Na durƙusa na gaishe shi, na gaishe shi kuma, har ya ce, "Lafiya dai ko?" Maganar da na shirya tun daga makaranta a Bosso ta gudu. Sai na ɗauki gaɓar rake ɗaya, na ce in mutum ya ci ta daga baki, a hankali take ƙarewa, haƙori yana aiki har ƙarshe. In ya sa ta a gwiwa kuwa, za ta ƙi, ta ƙi, sannan ta karye gaba ɗaya. Na ce bututun so ake ya ci kansa daga baki. Kaina na ƙasa, ina magana da tabarma.

"Wato so kake ya lalace."

"E, Baba. Amma a hankali."

"Kuma mazaunin nan ne ya hana."

Ya daɗe yana kallon titi. Wata mata ta wuce da tallan doya, ta gaishe shi, bai ji ba.

"Shekara talatin da wani abu," ya ce, "ba a taɓa dawo mini da aiki an ce ya karye ba." Ya juyo ya dube ni. "Ashe ni na kashe maka mutum tara."

"Darma ce, Baba."

"Na san darma ce."

Ya miƙo mini raken ya ce in tafi da shi. Bai ce zai yi wani abu ba, ni ma ban tambaya ba.

Litinin da muka shiga, an kife farantin, bayansa shimfiɗaɗɗe yana sama, an goge shi. Baba ya tsayar da bututu na goma a kan kaifinsa. Ya saki, ya sake kamawa, ya saki. Hannunsa bai so barin wurin ba. Da ya fito sai ya miƙo mini igiyar sakata.

"Ja da kanka. Ni ban iya sakin kaya a kan abin da na san bai zauna ba."

Na ja. Wannan karon ƙarar ta yi tsawo, ƙasa ƙasa, farar ƙura ta tashi cikin raga. Bututun ya ɓare daga ƙasa ya nannaɗe waje kamar ɓawon ayaba, rabinsa na sama yana tsaye. Darmar ta ɗan lotsa a gefe ɗaya kawai. Na auna ta, ta zo kusa da abin da kwamfuta ta faɗa.

"Alhaji ya sauka lafiya, sai dai a kawo tsaraba," in ji abokina.

Na goma sha ɗaya ma haka ya yi. Baba ya ɗauki ɓawon yana juya shi, yana girgiza kai.

Na goma sha biyu muka ja sama, na fizge sakata, sai tas. Rufi ya amsa. Ya karye a tsakiya, a kan shimfiɗaɗɗen faranti, da kaifinsa da komai. Darmar ta baje fiye da duk na baya.

Ba wanda ya motsa. Can Baba ya ce, "Wannan ba ni ba ne." Ba da faɗa ya faɗa ba.

Kwana biyun da suka rage na yi su a kan wannan bututun. Na yanka shi da zarto gida takwas, na duba kowane yanki da gilashin ƙara girma a hasken taga. Kaurinsa ɗaya da na sauran. Rasin ya ratsa ko'ina, babu kumfa, babu busasshen wuri. Littafina ya nuna rana ɗaya na yi shi da na goma sha ɗaya, daga kwano ɗaya. Abokina ya ce in jefa shi a rafin bayan makaranta in rubuta cewa sha ɗaya na yi, tara da dalilinsu, biyu sun yi daidai, magana ta ƙare. Na kai ledar har bakin rafin. Ruwan ya cika, ja wur, yana tafe da kara da robobi. Na tsaya har ƙafata ta gaji, na dawo da ita.

Mai jarrabawar wani farfesa ne tsoho, siriri, mai tabarau a kan hanci. Dokta na zaune a gefensa. Na jera ƙwallayen goma sha biyu a kan tebur bisa lambarsu. Ya bi su da ido kafin ya buɗe littafin bincikena.

Ya tambayi taran farko. Na ce zanena ya nuna faranti a shimfiɗe, amma bai faɗi dalilin da ya sa dole ya zauna haka ba, shi ya sa aka yi masa kwarmi da kyakkyawar niyya. Ya ce laifin wa ke nan? Na ce na mai zanen. Ya rubuta wani abu.

Sai ya sa yatsa a kan na ƙarshe.

"Wannan fa?"

"Ban sani ba, Yallaɓai."

"Lissafinka me ya ce?"

"Ya ce zai rayu."

Dokta ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Fanka na juyawa a sama, tana kaɗa gefen takarduna. Farfesan ya ɗauki darmar ya ɗaga ta saitin taga, ya juya ta, ya daɗe. Ya tambaye ni ko akwai wanda ya ga faɗuwar wannan bututun ban da ni. Na ce mutum biyu. Ya ce da na cire shi, su biyun za su faɗa? Na ce a'a.

Ya jawo takardar ya sa hannu. Makin da ya ba ni shi ne mafi ƙanƙanta da ake wucewa da shi, ya kuma faɗa mini haka a fili. Sannan ya ciro hankici ya naɗe darmar ya sa a aljihun kwat ɗinsa, bai nemi izini ba. Ya ce wa Dokta a kira direba, yana so ya kama hanya kafin ruwa ya sauko.

Na gangara wakshof. Baba na zaune a kan benci yana cin goro, injin a kashe. Na ce masa na wuce.

"Alhamdu lillahi. Na ƙarshen fa, me ya ce a kansa?"

"Bai ce komai ba. Ya tafi da shi."

Baba ya tauna goronsa a hankali, yana kallon ragar.

"Shi ma bai sani ba ke nan," ya ce.